Ƙarshen littafin Les Misérables: wa ya yafe wa wa?

Ɗalibar Tarminal, Bagalam

Assalamu alaikum malamai da yayye. An ba rukuninmu na ajin ƙarshe na sakandare aikin bayani gaban aji na minti 20, sannan mu miƙa sharhi a rubuce, a kan gafara da fansar kai da ƙauna a ƙarshen Les Misérables na Victor Hugo, wato wurin mutuwar Jean Valjean. Akwai abin da ya ɗaure mana kai. Mutumin nan shi ya karɓo marainiya Cosette daga hannun su Thénardier, masu masaukin da ke bautar da ita, ya rene ta, shi ya ɗauko saurayinta Marius a kafaɗa ya fid da shi daga bakin mutuwa, amma da suka zo gare shi yana kan gargara, sai ga shi yana murnar wai sun yafe masa. Laifin me ya yi musu? Sannan daga wane babi ya kamata mu fara ƙidayar "ƙarshe"? Kuma muna shirin raba aikin kashi uku, gafara, fansa, ƙauna, kowa ya ɗauki ɗaya. Ya yi daidai?

Mushe na Zariya

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe: kada ku raba shi haka. Abubuwan ukun nan a ɗaki ɗaya suke faruwa, cikin zance ɗaya, don haka in kowa ya ɗauki ɗaya, sau uku za ku ba da labarin mutuwar, mai gyara kuma zai rubuta muku "maimaici" a gefen takarda. Sunayen jigo ba su ne tsari ba. Tsari daga tambaya yake fitowa, kuma tambayar kin riga kin kawo ta da kanki: me ya sa wanda aka zalunta shi ke neman gafara?

Iyakar karatu. Littafin ya fito a 1862, kashi biyar ne, na biyar shi ke ɗauke da sunan Jean Valjean, kuma an raba shi juzu'i tara. Ku karanta na bakwai da na takwas da na tara ba tsallake. Na taran babi shida ne kawai. Ku ƙara da juzu'i na huɗu na wannan kashin, inda Javert, ɗan sandan da ya daɗe yana farautar Valjean, ya kashe kansa, da juzu'i na biyu na kashi na farko, inda Valjean ya kwana gidan Myriel, babban limamin coci na garin Digne, a watan Oktoba 1815. In ba ku karanta wannan ba, mazaunan kyandir biyu na azurfa da ke haska fuskar mamacin za su zame muku kayan ɗaki kawai.

Yanzu ki bi jerin abin da ya faru, domin amsar tana ciki. An ɗaura auren Cosette da Marius ranar 16 ga Fabrairu 1833. Valjean ya naɗe hannunsa da tsumma ya ce ya ji rauni a babban yatsa. Ba raunin komai. Gudun sa hannu yake, domin sunan Fauchelevent da yake amfani da shi na aro ne, in ya sa shi a takardar aure ya buɗe ƙofar da za a iya rushe auren. Washegari ya je ya faɗa wa Marius cewa shi tsohon ɗan sarƙa ne, ya yi shekara 19 a kurkukun Toulon, kuma har yanzu doka na nemansa. Ba wanda ya tilasta shi. Javert ya mutu tun Yuni 1832, Marius da kansa ya yi masa tayin ɗaki a gidansu. Amma ki lura da abin da ya zaɓa ya faɗa da abin da ya haɗiye. Ya faɗi kaso, ya faɗi sata. Bai faɗi cewa shi ne Madeleine, magajin garin Montreuil-sur-Mer da ya raya garin da masana'antarsa ba. Bai faɗi cewa ya saki Javert da rai a shingen ƴan tawaye ba. Bai faɗi cewa shi ya ratsa magudanar ƙazantar Faris da Marius a bayansa ba. Rabin gaskiya ya bayar, rabin da ke kayar da shi.

Shi kuwa Marius sai ya cike gurbin da zato. Ya ɗauka Valjean ya harbe Javert, ya kuma wawure dukiyar Madeleine, saboda haka ya ƙi taɓa kuɗin da aka ba Cosette. Korar da ya yi masa ba da baki ba ce, kuma nan ne Hugo ya nuna gwaninta. An ba shi izinin zuwa da maraice, a wani ɗaki na ƙasa mai danshi. Wata rana ya tarar ba a hura wuta ba. Wata rana an janye kujerun zuwa bakin ƙofa. Wata rana babu kujerun sam. Ya gane, ya daina shiga. Sai ya riƙa fitowa daga gidansa na titin l'Homme-Armé ya nufi titin Filles-du-Calvaire, ya tsaya a kwana ya juya. Kullum tafiyar na raguwa, har ya kai ba ya wuce bakin ƙofarsa, har ya kwanta.

To, me yake neman a yafe masa? Ba wani aiki ba ne da ya yi wa yaran nan. Kasancewarsa ɗan sarƙa a cikin gidan mutane ita yake gani laifi. Hukuncin da kotu ta yanke masa a 1796 saboda burodi ɗaya ya shige shi har ɓargo, ya zama da idon alƙali yake kallon kansa. Da Marius ya ji yana cewa sun yafe masa, sai ya ɓarke da ihu yana lissafa wa Cosette abin da mutumin ya yi musu, yana kiran kansa butulu. A nan gafarar ta juya: wanda ya kamata ya roƙa shi ake roƙo. Wannan juyin shi ne zuciyar sharhinku.

Tsari mai kashi biyu ya ishe ku. Na farko, yadda aka wanke shi, da bakin wa, da kuma lattin da aka yi. Na biyu, abin da ya bari da abin da ya ƙi a bar masa. A kowane kashi ku tafi da hujja daga nassi, ku faɗi dabarar marubucin, sannan ku faɗi aikin da ta yi. Misali ɗaya: bayan ikirarinsa ya hana Cosette ce masa baba, ya ce ta riƙa cewa "monsieur Jean", shi ma ya koma ce mata "madame" da "vous" na girmamawa. A ɗakin mutuwa, cikin numfashi ɗaya ya fara da "vous, madame" ya ƙare da "toi" na kusanci, daga baya har ya roƙi Marius ya bar shi ya yi mata magana irin ta uba da ɗiya, tunda ba da daɗewa ba ne. Sulhun gaba ɗaya yana cikin wannan ƙaramin wakilin suna. Wanda ya karanta fassara ko taƙaitaccen bugu ba zai gan shi ba.

Hajiya Malama, Ali Ɗan Sofo

Mushe ya share hanya. Ni abin da zan ƙara, ƙanwata, wurare ne biyu da idon Bahaushe ke zamewa a kansu, ba don rashin fahimtar Faransanci ba, sai don abin ya yi kama da namu.

Na farko, janyewar Valjean daga gidan Cosette. A wajenmu uba ba ya zaryar gidan ɗiyarsa ta aure. In ma ya je, daga zaure ya gaisa ya juya, kuma tsakaninsa da surukinsa akwai kunya. Don haka ɗalibi a nan sai ya karanta juzu'i na takwas ya ce dattijo ya san girmansa, ya wuce. A littafin ba haka ba ne. Kakan Marius, tsoho Gillenormand, gida ɗaya yake da ango da amarya, an kuma ware wa Valjean ɗakinsa a can. Zama tare shi ne abin da kowa ya sa rai. Janyewar tasa yanke wa kai hukunci ce, kuma ita ta kashe shi. Babu wata cuta mai suna da Hugo ya ɗora masa. Likitan da ya duba shi ma abin da ya gano shi ne mutumin ya rasa wani da yake ƙauna. Shekararsa 64, kuma shekara guda kafin nan ya ɗauki ƙato a kafaɗa cikin laka har wuya. Kan babi na uku na juzu'in ƙarshe ya faɗi abin a taƙaice: alƙalami ya yi wa wanda ya ɗaga amalanken Fauchelevent nauyi, wato amalanken da ya taɓa danne tsohon da Valjean ya ari sunansa.

Na biyu, kabarin. Ya yi wasiyya a binne shi a kowane lungu, a sa dutse, kada a rubuta suna. Mu da muka saba da maƙabarta mai tudun ƙasa da ɗan icce ko fasasshiyar tukunya, wannan ba ya girgiza mu. Amma a Père-Lachaise aka binne shi, maƙabartar Faris da masu hali ke gasar gina hubbare da sassaƙa sunaye, kuma Hugo ya ce dutsen yana can nesa da unguwar ƙawa, kusa da ramin gama-gari. Mutumin da ya amsa sunan Madeleine, da Fauchelevent, da lamba 24601, sannan 9430, ya sha azaba kafin ya dawo da sunansa na gaskiya a gaban Marius, shi ne kuma ya hana a rubuta shi. A nan ku tsaya ku yi gardama a gaban aji. Ana iya cewa tawali'u ne, ya wuce buƙatar shaidar mutane. Ana iya cewa kāriya ce ga Cosette, kada matar Baron Pontmercy, wato Marius, ta zama mai ziyartar kabarin ɗan sarƙa. Ana kuma iya cewa har ya mutu bai yafe wa kansa ba. Ni na fi karkata ga na ukun, domin ko baitoci huɗun da wani hannu da ba a ambata ba ya rubuta a kan dutsen, da fensir aka rubuta su, ruwa da ƙura sun cinye su. Abin da suke cewa kuwa ba yabo ba ne, cewa suke ya rayu duk da ƙaddara mai ban al'ajabi, ya mutu sa'ad da ya rasa mala'ikansa.

Batun ƙauna kuma, kada ku mai da shi labarin Marius da Cosette. Tasu ta riga ta kai ga biki, ba ta da sauran aiki a ƙarshen. Ƙaunar da ake aunawa ita ce ta uban riƙo. Kuma ba tsarkakakkiya ba ce tun farko: Valjean ya tsani Marius, ya yi kishi, da ya ga saƙon da ke nuna yaron zai mutu a shinge zuciyarsa ta fara yin sanyi kafin ya tashi ya je ya cece shi. Daren biki ya koma gida shi kaɗai ya buɗe ƙaramar jakar da ba ya rabuwa da ita, ya shimfiɗa baƙaƙen tufafin da ya sa wa Cosette ranar da ya ɗauko ta daga Montfermeil a ƙarshen 1823, tana shekara takwas, ya kifa fuska a kansu yana kuka. Fansarsa ta ƙarshe sakin yarinyar ce. Wanda ya rubuta cewa Valjean waliyyi ne tun daga daren Digne ya rage masa daraja, ya kuma rage wa kansa maki.

Cosette fa? Ku faɗi gaskiya: Hugo bai ba ta dama ba. Maza biyu sun haɗu sun ɓoye mata asirin, kowa da sunan kare ta, har sunan mahaifiyarta, Fantine, sai a bakin mai mutuwa ta ji shi. Babi na farko na juzu'in ƙarshe Hugo ya kashe shi wajen nema musu uzuri ita da mijinta, yana cewa ƙuruciya da farin ciki kan sa mantuwa. Kuna da ikon cewa uzurin bai gamsar da ku ba, muddin kun nuna kun gan shi.

Ɗalibar Tarminal, Bagalam

Mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura Thénardier. Wani a cikinmu ya ce a wajen biki ya zo ya nuna wa Marius zobe. Ni ban ga wannan a littafin ba. Kuma tunda Valjean ya ce a yafe wa su Thénardier, za mu iya rufewa da cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza?

Baba Mai Ritaya, Ɗan Gulbi

Jikata, ba ki gani ba domin babu shi. Zoben na wasan waƙe-waƙen da aka gina kan littafin ne da fim ɗinsa na 2012. Haka ma bayyanar Fantine a gefen mai mutuwa. Abokin naku allo ya kalla. Mai gyara da ya san littafin daga wannan layin ɗaya zai gane.

Ga yadda yake a rubuce. Watanni bayan biki Thénardier ya zo gidan Marius da shigar burtu da sunan ƙarya, zai sayar da asiri: surukinka ɓarawo ne, mai kisan kai. Marius ya ce ya sani, Valjean ya kashe Javert, ya saci kuɗin Madeleine. Sai Thénardier, don ya nuna hajarsa ta fi ta kowa inganci, ya ƙaryata shi da jaridu biyu: ta Yuli 1823 da ta tabbatar Madeleine da Valjean mutum ɗaya ne, da ta Yuni 1832 da ta ba da labarin Javert ya jefa kansa a kogin Seine bayan wani ɗan tawaye ya bar shi da rai. Sannan ya fito da tasa hujjar, ƙyallen da ya yage daga rigar "gawar" da ya ga Valjean na ɗauke da ita a magudana. Marius ya buɗe ma'ajiya ya jefo tsohuwar rigarsa mai jini, ƙyallen ya zauna daram a gurbinsa. Wanda ya zo ɓata suna shi ya wanke shi tas, kuma kan babin da kansa yana zolayar haka, kwalbar tawada da ba ta iya komai ba sai mai da abu fari. Ku tambayi kanku dalilin da Hugo ya ɗora shaidar a bakin mugu. Da masoyi ne ya faɗa, Marius zai ce son kai ne. Maƙiyi mai neman kuɗi ba a zarginsa da rufa asiri.

Karin maganar nan kuwa, ku ajiye ta, littafin ya ƙaryata ta a shafi guda. Marius ya watsa wa Thénardier takardun kuɗi a fuska, ya ƙara masa faran 20,000 da sharaɗin ya bar ƙasar, domin wasiyyar mahaifinsa, Kanar Pontmercy, wanda ya mutu yana zaton Thénardier ya cece shi a fagen yaƙin Waterloo alhali aljihunsa ya zo lalube. Ya tafi Amurka da ɗiyarsa Azelma, kuma Hugo ya rufe labarinsa da cewa da kuɗin Marius ya zama mai fataucin bayi. Ga alheri ya faɗi ƙasa, ya tsiro da ƙaya. Javert ma an yi masa alheri, an kwance shi an ce tafi, bai iya ɗaukarsa ba, domin duniyarsa ba ta da gurbin ɗan sarƙa mai kirki. Ya zauna ya rubuta ƴan shawarwarin gyaran aikin gidan kaso, sannan ya nufi kogi. Ko Valjean ɗin, ranar da limamin ya ƙara masa mazaunan kyandir a kan cokulan da ya sata, a ranar ya take kuɗin wani yaro, Petit-Gervais, sulai na faran biyu, ya hana shi. Sai bayan yaron ya ɓace ya farga ya fashe da kuka, karon farko cikin shekara 19. Wannan satar ce ta mai da shi mai maimaita laifi a idon doka har ƙarshen ransa.

A nan nake ɗan saɓa wa Hajiya. Cewa bai yafe wa kansa ba yana mai da matsalar cikin zuciyar mutum ɗaya, alhali Hugo da al'umma yake faɗa; gabatarwarsa ta 1 ga Janairu 1862, da ya rubuta yana gudun hijira a tsibirin Guernesey, dokoki da al'adu ta ɗora wa laifi. Valjean bai yi kuskuren lissafi ba. Ran da ya yi ikirari Marius ya ce kakansa na da abokai, zai nema masa afuwar hukuma. Ya ce a bari, an ɗauka ya mutu, hakan ya isa. Ya san takarda ba ta goge abin da mutane suka sa a ransu, ga shi Marius kansa, lauya, mai ra'ayin jamhuriya, ya ja da baya da jin kalmar ɗan sarƙa. Kotu ba ta taɓa wanke shi ba. Ya mutu yana mai laifi a rajista. Abin da ya samu gafarar mutum biyu ce a ɗaki, da wadda yake sa rai daga sama: da mai gadin gidan ta tambaye shi ko a kira masa limami, ya ce yana da shi, ya nuna saman kansa da yatsa.

Kuma kada ku tsallake wurin da ɗalibai ke cewa ya gundure su, inda mai mutuwa ya tsaya yana bayanin yadda ake haɗa baƙaƙen duwatsun kwalliya na gilashi, da ƙaron da ya sauya, da maɗaurin munduwa da ba ya buƙatar walda. Ba ruɗin ajali ba ne. Hujja yake kafawa cewa faran 584,000 da ya ba Cosette guminsa ne, domin in suka ƙi cin kuɗin, a ganinsa rayuwarsa ta tafi a banza. Kada ku juya adadin zuwa sefa, ba zai ba da ma'ana ba. Ku auna shi da farashin cikin littafin: Fantine ta sayar da gashinta faran 10, haƙoranta biyu faran 40, an karɓo Cosette a kan 1,500.

Mushe na Zariya

Saɓanin Hajiya da Baba ku ɗauke shi yadda yake ku kai gaban aji, mutum biyu su riƙe ɓangarorin, kowa da shafinsa a hannu. Minti 20 ɗin ku kasa shi haka: uku na gabatarwa, a ciki taƙaita labari kada ya wuce jimla biyar, bakwai-bakwai ga kashi biyun, ukun da suka rage na rufewa. Mutum ɗaya ya karanta sakin layi guda da ƙarfi, wanda Valjean ke ba Cosette mazaunan kyandir yana cewa na azurfa ne amma a wajensa zinariya ne, yana kuma shakkar ko wanda ya ba shi su ya gamsu da shi. A sharhin rubutu ku ja layi ƙarƙashin kalmomin haske da duhu na babi na biyar, ku nuna daga ina hasken ke fitowa a kowane wuri, taga ko kyandir ko fuskar Cosette. Lissafa su kawai ba ya kawo maki. In za ku kwatanta da neman yafiya da muke yi a bakin mai jinya ko kafin tafiya Hajji, jimla biyu a rufewa sun isa, kada ya zama wa'azi. Kuma kowace hujja ku sa mata kashi da juzu'i da babi, ba lambar shafi ba, domin bugun da ke hannunku da na malaminku da wuya su zama ɗaya.